An Ƙwace Wa Ɗana Waya, Yanzu Ya Ce Sai An Sa Shi Karate

"Assalamu alaikum. Malam, ina da yaro ɗan shekara 14. Watanni biyu da suka wuce wasu samari suka tare shi yana dawowa daga Islamiyya, suka zaro masa wuƙa suka karɓe wayar da ke hannunsa. Tun daga ranar ya koma shiru-shiru, in ba dole ba ba ya fita, kuma abu kaɗan sai ya hau ƙannensa da faɗa. Yanzu ya dame ni sai an sa shi wurin koyon karate. Mahaifinsu ya ce sam, wai koya wa yaro faɗa buɗe masa ƙofar daba ne, kuma ya ji an ce a wurin har sunkuya wa malami ake yi kamar ruku'u. Ƙanwarsa 'yar shekara 11 ma ta ce in an sa shi ita ma sai an sa ta. Shin abin nan yana kare mutum da gaske? Gyara tarbiyya yake yi ko ɓata ta? In za a sa su, wanne ya fi?" Wata uwa daga Kano.

Wa alaikumus salam Hajiya. Ina yi muku jaje, Allah Ya tsare gaba, Ya kuma mayar da alheri. In na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko horon nan zai tsare yaron in aka sake tare shi, ko tsoron da Alhaji yake ji yana da tushe, sannan wanne za a zaɓa cikin wasannin da ake da su. Akwai na huɗu da ba ki sa alamar tambaya a kansa ba, wato halin da yaron ya shiga tun ranar da abin ya faru, kuma a ganina shi ne ya fi gaggawa.

Ni da kokawar dandali na tashi, irin wadda ake yi bayan an kawar da amfanin gona. A sakandare na shiga taekwondo, daga baya na ƙara da judo, kuma yau sama da shekara 20 ke nan ina koyar da yara da samari. Da wannan idon zan amsa miki.

Maganar wuƙa tukuna

Akwai wani atisaye da nake yi wa duk saurayin da ya zo mini da zancen yana son ya koyi ƙwace wuƙa. Sai in ce gobe ya zo da tsohuwar farar singileti. In ya zo, in samo yaron da ya fi kowa ƙanƙanta a ajin manya, in ba shi jar maka irin ta rubutu a allo, in ce masa: "Wannan ita ce wuƙarka. Kana da daƙiƙa 10. Duk inda ka samu zana masa." Shi kuma mai singiletin in ce ya yi duk dabarar da ya sani. In na busa usur sai a tsaya a duba. Hajiya, har yau ban ga singiletin da ta fita fes ba. Za ki ga ja a ciki, ja a haƙarƙari, ja a damtse, wani lokaci har a wuya. Masu baƙar ɗamara, wato waɗanda suka yi nisa a horon, ma haka, ni kaina ma haka. Sai wurin ya yi tsit, kowa yana ƙirga zanen da ke jikinsa, in ce musu kowane ɗaya daga ciki asibiti ne ko makabarta.

Ba mu kaɗai muka gano haka ba. A 1983 wani ɗan sanda a birnin Salt Lake na Amurka, Dennis Tueller, ya auna ya ga mai wuƙa yana iya cinye tazarar ƙafa 21, wato sama da mita 6, cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi. Wannan kuwa lissafi ne da aka yi don ɗan sanda mai bindiga a ƙugu. Ina ga yaro ɗan shekara 14 da jakar Islamiyya a kafaɗa, a lungu, da magariba, kuma su ba ɗaya ba? Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Saboda haka abu na farko da nake so a gaya wa yaron nan, kuma zai fi tasiri in daga bakin mahaifinsa ya fito, shi ne abin da ya yi daidai ne. Ya miƙa waya ya dawo gida da ƙafarsa. Da ni aka tare a wurin, da duk shekarun da na yi a kan katifar atisaye, abin da zan yi ke nan. A garin nan mun sha jin samarin da suka rasa ransu a kan wayar da ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba. Duk kocin da ya ce miki cikin wata uku zai koya wa ɗanki karɓe wuƙa daga hannun ɗan daba, ki kama hannun yaronki ku fita, don yaron da ya yarda da wannan ƙaryar ya fi wanda bai taɓa koyon komai ba shiga haɗari.

To mene ne amfaninsa?

Yawancin rigimar da yaro ko yarinya za su haɗu da ita a rayuwa babu makami a ciki. Cin zali ne a makaranta, wani ya shaƙo wuyan riga, wani ya hankaɗe ka a layin famfo, wani ya riƙo hannun yarinya ya ƙi saki. A nan horo yana aiki sosai, kuma ta hanyar da mutane ba sa zato.

In tsoro ya kama mutum, jiki yana sakin wani sinadari da ake kira adirenalin. Zuciya ta hau bugu, baki ya bushe, gwiwa ta yi sanyi, yatsu su kasa yin aiki mai laushi, ido ya kafe a wuri ɗaya. Da yawa sandarewa suke yi, ba gudu ba ihu. Ina kyautata zaton abin da ya sami ɗanki ke nan, kuma shi yake ci masa rai, yana ganin ragwanta ce. Ba ragwanta ba ce, halitta ce. Abin da horo na gaske yake yi shi ne ya riƙa ɗanɗana wa yaro wannan yanayin kaɗan-kaɗan a wurin da ba za a cutar da shi ba. Yau an riƙe shi ya kasa kuɓucewa, gobe an danne shi, jibi an kayar da shi gaban mutane ya tashi. Bayan wata shida in wani ya damƙo shi a waje, jikinsa ya san wannan riƙon, kansa bai ɗauke ba, yana iya tunanin ta ina zai fita. Har tafiyarsa tana canzawa. Masu cin zali kuwa zaɓe suke yi kamar mai sayen akuya a kara, wanda ya sunkuyar da kai yana rakuɓe-rakuɓe shi suke nema.

Sai dai da sharaɗi, kuma sharaɗin da jikina na koye shi. Ina ɗan shekara 19, na iya ɗaga ƙafa har saman kan mutum, na haddace jerin motsin da ake koya mana kamar karatun allo, ina tafe ina jin kaina. Wata rana gardama ta haɗa ni da wani ɗan dako a bakin kasuwa, gajere ne, bai kai kafaɗata ba. Na ja da baya na gyara tsayuwa irin ta fim. Ƙafata tana sama ya shigo ya rungumi ƙuguna, ban san lokacin da bayana ya daki ƙasa ba, sai ganin sararin sama na yi da fuskokin mutane suna dariya. Daga baya na ji ashe ɗan kokawa ne a ƙauyensu. Shi kullum da mutumin da ba ya son a kayar da shi yake gwadawa, ni kuwa rabin horona iska nake shuri. Wannan kayen shi ya kai ni ajin judo.

Don haka ma'aunin da nake auna kowane wurin horo da shi ke nan: shin ɗalibai suna karawa da juna, kowa yana ƙoƙarin hana ɗan'uwansa, cikin ƙa'ida da kayan kariya? In amsar a'a ce, motsa jiki ne mai kyau, amma kada a kira shi kare kai.

Akwai kuma amfanin da ba a cika ambata ba, wato iya faɗuwa. A judo kafin a koya wa yaro kayar da kowa, sai ya shafe makonni yana koyon yadda zai faɗi: ya manne haɓa da ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, ya daki katifa da hannu a miƙe, kada ya tokare da tafin hannu. Yara suna ƙosawa da shi. Amma cikin ɗalibaina, waɗanda suka dawo suka ce horo ya cece su, mafi yawa ba faɗa suka yi ba. Daga babur suka faɗo, ko santsi ya kwashe su a banɗaki, ko Keke Napep ta buge su suka mirgina suka tashi da ƙujewa kawai.

Wanne za a zaɓa?

A wajenmu duk wanda ya sa fararen kaya ya ɗaura ɗamara "ɗan karate" ne, gadon finafinan Chanis da muka taso muna kallo. Amma abubuwa ne daban-daban.

Judo wani malamin makaranta ɗan Japan ne ya kafa shi a Tokyo a 1882, sunansa Jigoro Kano. Yara kan yi dariya in na faɗi sunan, har wani ya taɓa tambayata ko ɗan Fagge ne. Dacen suna ne kawai. Hikimar mutumin ita ce ya ɗauki tsofaffin dabarun faɗa na ƙasarsu ya ware masu haɗari gefe, ya bar waɗanda mutum biyu za su iya gwadawa da dukkan ƙarfinsu su tashi lafiya. Babu naushi babu shuri a karawarsa, riƙo ne da kayarwa da dannewa. Ya shiga gasar Olamfik a 1964. Karate kuma daga tsibirin Okinawa ya fito, Gichin Funakoshi ya gabatar da shi a Tokyo a 1922, naushi ne da shuri da karewa. Taekwondo na Koriya ne, ƙarfinsa a ƙafa yake, ya zama cikakken wasan Olamfik a Sidni a 2000, kuma cikin ukun nan shi ne ya fi kawo wa yankinmu lambobin Olamfik: Chika Chukwumerije ya ciyo wa Nijeriya tagulla a Beijin a 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a Riyo a 2016, shekara ta gaba kuma ya zama zakaran duniya.

Sai namu na gida. Kokawa ba ta da abin da za a raina mata. A Nijar tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa, kuma duk wanda ya kalli yadda waɗannan mazaje suke karanta nauyin abokin karawa ya san ilimi ne. Matsalarta a birni ita ce da wuya a sami inda ake koyar da yara ita a tsare, da lokaci da mai kula. Dambe kuwa ina ƙaunarsa a matsayin ɗan kallo, amma ba zan kai ɗan shekara 14 ba. Hannu ne a naɗe da zare ya yi tauri kamar dutse, kai ake nema, ana neman kisa, wato kai abokin karawa ƙasa, cikin turmi uku, babu hular kariya. Ko damben zamani mai safa, ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada sun fitar da matsaya a 2011 cewa ba sa goyon bayan yara su riƙa yin sa, saboda dukan kai. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama nuna ba. In yana sha'awar naushi, ya koyi tsayuwa da kaucewa da dukan buhu, a bar dukan kai da ƙarfi sai ya girma. Haka nan wasan keji, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa, na su Kamaru Usman da Francis Ngannou da samari suke kallo a waya: Kamaru da kokawar makaranta ya fara a Amurka, ya shafe shekaru a kanta kafin ya shiga keji.

In ra'ayina kike so, ga yaro mai wannan shekarun na fi son judo, don yana koyar da faɗuwa, yana sabar da jiki da riƙo, kuma yana ba mutum hanyar da zai rinjayi wani ba tare da ya fasa masa baki ba. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a makaranta ko a unguwa, inda jini in ya fita magana ta koma ta iyaye da 'yan sanda. Amma ba zan ɓoye miki ba, sunan wasan bai kai malamin muhimmanci ba. Karate a hannun malami nagari kusa da gida ya fi judo a hannun mugun malami, ya kuma fi wurin da sai an hau mota biyu kafin a je, don wurin da ya yi nisa wata biyu ake yi a daina.

Tsoron Alhaji

Kada a yi wa maganar mahaifinsu kallon tsohon yayi. Yana da hujja. A Nowe an bi yara maza kusan 500 na tsawon shekara biyu, binciken da aka wallafa a 2005, aka ga waɗanda suka shiga wasannin ƙarfi irin su dambe da kokawa da ɗaga ƙarfe sun fi sauran ƙaruwa a rigima da rashin ji a waje. A ɗaya gefen kuma, wani mai bincike a Amurka, Michael Trulson, a 1986 ya raba kangararrun samari gida uku na wata shida. Kashi ɗaya aka koya musu taekwondo da dukkan ladubbansa da nasiha da natsuwa, kashi na biyu aka koya musu dabarun faɗan zalla, na uku suka yi wasannin motsa jiki kawai. 'Yan kashin farko faɗansu ya ragu, 'yan kashi na biyu nasu ƙaruwa ya yi. Samarin ba su da yawa, don haka ba a gina gini mai nauyi a kansa, amma ya yi daidai da abin da idona ya gani: shuri ɗaya ne, abin da ake faɗa wa yaro kafin shurin da bayansa shi ne yake raba hanya.

Waɗanda suka kafa wasannin nan sun san haka. Funakoshi ya koyar da cewa a karate ba a fara kai hari. Kano ya gina judo a kan amfani da ƙarfi ta hanyar da ta fi dacewa, da kuma amfanar juna. Mu kuwa muna da abin da ya fi wannan a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa mai ƙarfi ba shi ne gwanin kayar da mutane ba, mai ƙarfi shi ne wanda yake mallakar kansa lokacin fushi. Amma rubuta wannan a bango ba ya gyara kowa. Yadda tarbiyyar take shiga a aikace shi ne ta ƙananan abubuwa masu gundura. Yaro ya zo a kan lokaci ko ya tsaya a gefe. Ya yanke farce don kada ya yagi ɗan'uwansa. Ya share katifa ko da ɗan wane ne. Ya maimaita motsi ɗaya sau ɗari. Wanda ya girme shi ya kayar da shi, wanda bai kai shi ba ma ya kayar da shi, ya tashi ya ba shi hannu. In ya shaƙe abokin karawa, abokin ya ɗan bubbuga masa jiki alamar ya sallama, dole ya saki nan take ko da ransa a ɓace yake. Yaron da ya yi shekara yana sakin wuyan mutum a daidai lokacin da ya fi jin daɗin riƙewa ya koyi wani abu da wa'azi kaɗai ba ya koyarwa.

Ga kuma wani abu da na lura da shi game da daba. Yaran da suke faɗawa cikinta ba dabarar faɗa suka je nema ba, ai da wuƙa da ƙwaya suke aiki, ba da ƙwarewa ba. Abin da suka je nema shi ne gungun da za a san da su, da babba da zai ce musu "kai namiji ne". Wurin horo mai kyau yana ba yaro waɗannan biyun, ya kuma dawo da shi gida a gajiye, ya ci tuwo ya yi isha ya kwanta. Wurin horo marar kyau kuwa daba ce da fararen kaya. Na taɓa zama ƙarƙashin wani malami, ba zan faɗi wuri ba, da yake zane yara da ɗamara in sun yi kuskure, yana haɗa sabon shiga da tsohon hannu don a "cire masa tsoro", yana alfahari da yawan ɗalibansa da suka fasa wa mutane baki a gari. Cikin waɗanda muka yi zamani da su a wurin, fiye da ɗaya sun ƙare a hannun hukuma.

Don haka kafin a biya ko sisi, a je a zauna a kalli aji guda daga farko har ƙarshe. A duba yadda malamin yake yi wa yaron da ya fi kowa rauni magana. A duba ko manyan ɗalibai suna tausaya wa ƙanana in an haɗa su. A duba ko akwai katifa ko a kan siminti ake kayar da yara, ko akwai robar haƙora da hular kariya lokacin karawa, ko ana tsayawa in lokacin salla ya yi. A tambaye shi wa ya koya masa, kuma ko yana da rajista da ƙungiyar wasan ta jiha. Sannan a yi masa tambayar da na fi so: "In aka tare ɗalibinka da wuƙa aka ce ya kawo waya, me ka koya masa ya yi?" Amsarsa ta ishe ku. In kuma ya ce iyaye ba sa shiga kallo, ko ya fara zancen laya da maganin tauri, an gama magana.

Kada kuma launin ɗamara ya ruɗe ku. Baƙar ɗamara a karate ko taekwondo takan ɗauki shekara uku zuwa biyar ana zuwa a kai a kai, kuma sunan matakinta na farko a Japananci ma'anarsa matakin fari. Wurin da ake sauya wa yaro ɗamara duk wata biyu ana karɓar kuɗin jarrabawa, kasuwa ce.

Sunkuyo, da maganar ƙanwarsa

Gaskiya ne ana sunkuyawa. A al'adar Japan da Koriya gaisuwa ce, kamar yadda muke musabaha, kuma a wasu wuraren har da durƙuso a kai goshi kusa da ƙasa, ko a sunkuya wa hoton wanda ya kafa wasan. Malamanmu da yawa sun hana sunkuya wa mutum a gaisuwa, suna kafa hujja da hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito. Ni koci ne, fatawa ba tawa ba ce, wannan a kai wa malamin da kuka amince da shi. Abin da zan iya faɗa miki shi ne yadda muke yi a ajina: babu hoto, babu goshi a ƙasa, ɗalibai suna dafa ƙirji su yi musabaha kafin karawa da bayanta. Koci Musulmi da dama haka suke yi, kuma wanda ba Musulmi ba ma in an yi masa bayani da ladabi yawanci ba ya musu. Inda za a iya cin karo da ita shi ne gasa ta hukuma, musamman a judo, inda gaisuwar tana cikin ƙa'ida. Wannan kuwa da sauran lokaci.

Ita ƙanwar tasa, in da hali a sa ta. Abin da ya fi samun 'ya mace shi ne riƙo da ja da matsewa a lungu, sau da yawa daga wanda ta sani, kuma abin da take bukata shi ne ta iya fizge hannunta, ta ɗaga murya ba tare da kunya ta shaƙe ta ba, ta gudu, ta kuma faɗa a gida. Na sha ganin yarinyar da sai an yi makonni kafin ta iya buɗe baki ta daka tsawa a aji, don duk rayuwarta ana ce mata mace ba ta ɗaga murya. Ranar da ta iya, har tsayuwarta sai ta sauya. Suturar wasan doguwar riga ce da dogon wando masu kauri, kuma ana sa ɗankwali ko ƙaramin hijabi: Feryal Abdelaziz ta Masar da kanta a rufe ta ci zinare a karate a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021. Sharaɗina a nan ba na sassauta shi: mace ta koyar da ita, ko aƙalla ajin mata ne zalla da wata babba a zaune, ƙofa a buɗe, kuma babu wani "horo na musamman" ita kaɗai da koci.

Abin da za ku sa rai da shi

Sau biyu ko uku a mako ya isa, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da yamma in rana ta yi sanyi, da gorar ruwansa. Za a yi targaɗe, za a ƙuje gwiwa, yatsa zai kumbura, wannan duk cikin karatu ne. Wanda ba a wasa da shi shi ne buguwar kai. In ya bugu ya ce yana jin jiri, ko ya yi amai, ko ya rikice, ko ciwon kai ya ƙi tafiya, asibiti za a nufa, kuma ba zai koma katifa ba sai likita ya yarda. In yana da asma ko sikila ko farfaɗiya ko ciwon zuciya, likita za a fara gani kafin koci. A kuma sanar da shi tun wuri cewa doka ta ba mutum damar kare kansa ne gwargwadon barazanar da ke gabansa. Wanda ya bi mai gudu ya dake shi, ko ya ci gaba da dukan wanda ya riga ya faɗi, ya tashi daga mai kare kai ya koma mai laifi.

Na dawo kan abin da na ce ya fi gaggawa. Ban ga yaron nan ba, da wasiƙarki kawai nake aiki, amma shirun da faɗan da ƙin fita alamu ne na wanda firgici bai sake shi ba. Mai yiwuwa a ransa ba karate yake nema ba, so yake ya daina jin kansa a matsayin wanda aka wulaƙanta, kuma mai yiwuwa akwai tunanin ramuwa a ciki. Wannan ba dalilin hana shi ba ne. Da yawa da haka suke zuwa mana, sai gumi da kaye su wanke shi cikin 'yan watanni. Amma a gaya wa kocin abin da ya faru tun ranar farko, don ya san wanda aka kawo masa. In kuma aka ƙara wata guda ko biyu yana firgita cikin barci, ko karatunsa ya ja baya, ko ya daina cin abinci, to abin ya wuce aikina, a kai shi wurin likitan da ya san matsalolin damuwa.

Game da Alhaji, shawarata kada ki ja da shi. Ki roƙe shi alfarma ɗaya: ya ɗauki yaron da kansa wata Asabar su je hukumar wasanni ta jiha su tambayi inda masu judo da karate da taekwondo suke atisaye, su zauna a benci su kalli wuri biyu ko uku, shi ya zaɓa. In ya amince, a yi yarjejeniya ta wata uku a gaban kocin: makaranta da Islamiyya ba za su taɓu ba, kuma ranar da ya gwada abin da ya koya a jikin ƙannensa ko wani a unguwa, za a karɓe kayan a ajiye na wata guda. In wata ukun suka cika, ku zauna ku uku ku duba yaron da ke gabanku.